Shin alƙalamin Aɗɗayyib Salih ya bushe bayan Mausimul Hijra?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka karanta Mausimul Hijra ilas Shamal (Lokacin Hijira Zuwa Arewa) na marubucin Sudan Aɗɗayyib Salih tun kana jami'a, ya hana ka barci, sai ka ɗauko littafinsa Bandar Shah da zumuɗi, amma ba ka kai rabi ba ka ajiye, don ka kasa gane wa ke magana, kuma a wane zamani ake. Abokanka kuma sun ce kada ka wahalar da kanka, wai Aɗɗayyib Salih littafi ɗaya ya rubuta, sauran duk cikon benci ne da hirar jarida. Kana so ka ji ko haka ne, da kuma abin da masu karatu ke faɗi a kan ayyukansa na ƙarshe.

Abokanka ba su yi masa adalci ba, ko da yake ba daga sama suka tsinci maganar ba. Duba shekarun da kanka. An haife shi a 1929 a Karmakol, kusa da Dabba, a arewacin ƙasar nan ta Sudan. Ya tafi Landan a farkon shekarun 1950, ya yi aiki a Sashen Larabci na BBC har ya shugabanci ɓangaren wasan kwaikwayo. Daumat Wad Hamid ya fito a 1960, Ursuz Zain ya biyo baya, sannan a 1966 mujallar Hiwar ta Bairut ta buga Mausimul Hijra. Kashi na farko na Bandar Shah, wato Dau'ul Bait, ya fito a 1971, na biyu, Maryud, a 1976. Daga nan ƙagaggen dogon labari ya tsaya cak. Ya yi aiki a ma'aikatar yaɗa labarai ta Ƙatar, ya koma UNESCO, ya shafe sama da shekara goma yana rubuta shafin mako-mako a mujallar Al-Majalla, har Allah ya karɓi abinsa a Landan ranar 18 ga Fabrairu, 2009, aka kawo shi aka rufe a maƙabartar Bakri da ke Umdurman. Sama da shekara 30 ke nan masu karatu suna jiran kashi na uku, bai zo ba. Wanda ya yi irin wannan jira yana da hakkin yin guna-guni.

Sai dai guna-gunin ya haɗu da wani abu daban. Mausimul Hijra ya yi sa'ar da littattafai kaɗan ke yi. Raja'un Naƙƙash, mai sharhin adabi na Masar, ya yi masa shela tun da wuri. Denys Johnson-Davies ya fassara shi zuwa Turanci, ya fito a 1969 a jerin littattafan marubutan Afirka na Heinemann, daga nan ya shiga jami'o'in duniya. A 2001 wata majalisar adabi a Dimashƙa ta zaɓe shi a matsayin mafi muhimmancin ƙagaggen labarin Larabci na ƙarni na 20. Shi kuwa Bandar Shah sai 1996 aka fassara shi zuwa Turanci. Saboda haka yawancin waɗanda suka san Ɗayyib a waje ta ƙofa ɗaya suka shiga, wato ta Musɗafa Sa'id, jigon Mausimul Hijra, da matan Landan da ramuwar gayya a kan mulkin mallaka. Labari ne da ya dace da abin da malaman jami'a ke son koyarwa: Gabas da Yamma, mai mulki da wanda aka mulka. Da suka zo Bandar Shah suna neman wani Musɗafa Sa'id, sai suka tarar da tsofaffin ƙauye suna gardama a kan shugabancin ƙungiyar manoma. Suka ce mutumin ya gaji.

Ni a wurina, bayan shekarun da na yi ina koyar da adabin Larabci a sakandare a nan Gadarif, gabashin Sudan, Bandar Shah ne aikinsa mafi zurfi, shi da kansa ma ya sha nuna cewa ya fi ji da shi. Ban ce ya fi Mausim tsari ba. Mausim a ɗaure yake tamau, babu shafin da za ka cire. Bandar Shah a buɗe yake, kuma bai ƙare ba. Amma abin da yake tonowa ya fi kusa da mu.

Ruɗewar da ka yi ba laifinka ba ce. Mai ba da labarin shi ne dai wanda ka sani a Mausim, sai dai yanzu an ba shi suna, Muhaimid, kuma ya dawo ƙauyensu Wad Hamid da furfura bayan an sallame shi daga aikin gwamnati. Ya tarar ƙauyen ya juya. Mahjub, wanda shi da abokansa suka riƙe ragamar garin shekara da shekaru, an tumɓuke shi daga shugabancin ƙungiyar manoma, kuma wanda ya jagoranci tumɓukewar ɗan 'yar'uwarsa ne, Ɗuraifi ɗan Bakri. Sa'id da ake yi wa dariya a da ya zama mai faɗa a ji. Wannan shi ne zamanin yanzu na littafin. A ƙarƙashinsa akwai tsohon labari, na wani Bandar Shah mai 'ya'ya goma sha ɗaya, wanda ya haɗa kai da jikansa Maryud suna gallaza wa 'ya'yan, har ranar da 'ya'yan suka tashi suka hallaka kakan da jikan. Marubucin ya faɗi manufarsa tun a bangon littafin, cewa hikaya ce ta yadda uba ke zama abin layya tsakanin mahaifinsa da ɗansa. Jiya da gobe sun haɗa baki sun danne yau.

Abin da ke ɓatar da sabon mai karatu shi ne ba a ba da wannan tsohon labari sau ɗaya. Wannan dattijo ya kawo ruwayarsa, wancan ya ce ba haka aka yi ba, Muhaimid ya gani a mafarki ko a wani hali tsakanin barci da farke, Sa'id ma ya ce ya gani da idonsa. Karanta shi yadda kake zama a majalisar dattawan Mai Wurno, garin Hausa-Fulani a bakin Shuɗin Nilu, in ana labarin hijirar kakanninsu daga Burmi ta arewacin Najeriya: wani ya ce ta nan aka bi, wani ya ce a'a, ba ka tashi ka ce a ba ka taswira, kana saurare ne har ka gane abin da kowa ke karewa da ruwayarsa. In ka zauna masa haka, littafin zai buɗe.

Masu karanta shi da idon siyasa suna lura cewa ya fito shekara biyu bayan juyin mulkin Numairi na Mayun 1969, lokacin da matasan hafsoshi suka kori tsofaffin 'yan siyasa da sarakunan gargajiya da sunan sabon zamani. Suna ganin Mahjub da Ɗuraifi hoton wannan ne a ƙaramin faifai. Akwai gaskiya a ciki, kuma bayan abin da muka gani daga juyin mulkin 1989 zuwa yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, mutane da yawa da suka raina littafin a da sun dawo suna cewa ashe mutumin ya hango. Ina yin kaffa-kaffa da wannan yabo. Mayar da marubuci boka hanya ce mai sauƙi ta guje wa karanta shi.

Inda na fi so ka tsaya, kai da kake Bahaushen Sudan, shi ne labarin Dau'ul Bait kansa. Wata asuba kogi ya jefo wani mutum gaɓar Wad Hamid, fari, mai tsanwan idanu, da rauni a jikinsa, bai san sunansa ba, bai san garinsu ba, bai san addininsa ba. Mutanen ƙauyen suka yi jinyarsa, suka raɗa masa suna Dau'ul Bait, ya musulunta, aka yi masa kaciya da girmansa, aka ba shi gona, aka aura masa Faɗima 'yar Jabrud Dar. Ya yi noma ya yi fatauci, arziki ya shigo garin ta hannunsa, sannan kogin da ya kawo shi ya ɗauke shi. Ɗansa Isa shi ne ake ce wa Bandar Shah. Wato gidan da ya fi kowane ƙarfi a tarihin garin, tushensa mutum ne da ba wanda ya san daga ina ya fito. A ƙasar da kowace ƙabila ke rataye da takardar nasaba tana kai kanta ga Abbas ko wani sahabi, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ɗan kogin ne ya faɗe ta, ba baƙo ba.

Na taɓa karanta wa wasu dattawanmu wannan sashe a rumfar ƙofar gida bayan isha'i, ina karantawa ina juyawa da Hausa, ana zagayawa da jabana, gahawar Sudan. Da na kai wurin ɗaurin auren, wani tsoho manomin riɗi, wanda kakansa ya taho da ƙafa da niyyar Makka guzuri ya ƙare masa a nan, ya ajiye finjalinsa ya ce, "Malam, tsaya. Wannan ya zo ba salla ba salati, an ba shi suna, an ba shi gona, an ba shi mata. Kakana ya zo da allonsa da Alƙur'aninsa a rataye, ya yi limanci a nan har ya mutu, ni jikansa na je neman jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, aka ce in kawo shaidu. To shi wannan farinsa ne ya yi masa ceto ko me?" Aka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Tsohon bai san dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 da sunanta ba, wadda ta nemi a nuna cewa kakannin mutum suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, alhali jama'ar Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka iso bakin Shuɗin Nilu. An sassauta dokar daga baya, amma tambayar "kai ɗan ina ne" ba ta bi ta ba, kuma ka ga inda ta kai mu a rikicin jihar Shuɗin Nilu a 2022.

Tambayar tsohon ita ce suka mafi nauyi da na taɓa ji a kan littafin, kuma wasu masu karatu daga Darfur da Dutsen Nuba da kudu suna yin irinta: cewa Sudan ɗin Ɗayyib Salih ta bakin kogi ce, ta dabino da Larabci, sauran jama'a a gefen hoto suke tsaye. Ba ƙarya suka yi ba, duniyarsa Wad Hamid ce, bai fita daga cikinta ba. Amma amsar tana cikin kashi na biyu, shi ya sa nake jin haushin masu tsayawa a na farko. A Maryud za ka haɗu da Bilal, bawa, ladanin Shaihu Nasrullahi ɗan Habib, wanda wata ruwaya a littafin ke cewa shi ma jinin Bandar Shah ne ta wajen kuyanga, 'yan'uwansa suka ƙi amsa shi. Farin baƙo an mai da shi ɗan gida, baƙin ɗan gida an bar shi a bakin ƙofa. Marubucin ya ga abin da tsohon nan ya gani, ya kuma ajiye su kusa da juna don mu gani. Bai yi huɗuba a kai ba, kuma ina jin rashin huɗubar ne ya sa wasu suka ɗauka bai lura ba.

Labarin Bilal da Hawwa 'yar Uraibi, wadda ta nace sai shi, suka yi dare ɗaya tal a matsayin miji da mata sannan ya koma ga hidimar shaihunsa, ita kuma ta reni ɗansu Ɗahir ba ta sake aure ba, shi ne wurin da na ga ɗalibai maza masu taurin kai sun yi tsit a aji. Ɗahir ɗan Rawwasi yana gaya wa Muhaimid cewa ranar da mutane za su zo gaban Ubangiji da sallolinsu da azuminsu, shi ba abin da zai ɗora a mizani sai ƙauna. A nan ma masu karatu sun rabu. Mutanen ɗariƙa, kuma ka san yawansu a cikinmu, suna jin wannan kamar an ɗauko daga bakin shehunansu. Wasu matasa masu tsananin riƙo suna cewa wasa ne da ibada. Ina gaya musu cewa maganar wani masunci ce a cikin labari, ba fatawa ba ce, kuma wanda ya karanta yadda aka siffanta kiran sallar Bilal na ƙarshe ba zai ce marubucin ya raina salla ba.

Mata kuma Maryam suke riƙewa. Ƙanwar Mahjub ce, ita ce ke kiran Muhaimid da suna Maryud tun suna yara, ta so makaranta a lokacin da makaranta ta maza ce, ta so zaman birni, kakan Muhaimid ya hana auren, shi kuma bai iya buɗe baki ya yi musu ba. Aka ba Bakri ita. Littafin ya rufe da jana'izarta. Wata malama abokiyar aikina ta ce mini ta fi yafe wa Musɗafa Sa'id a kan Muhaimid, don shi Musɗafa mugu ne da ya san shi mugu ne, Muhaimid kuwa mutumin kirki ne da ya tsaya yana kallo, a Mausim ya bar Husna 'yar Mahmud, matar da Musɗafa ya bari, ta faɗa hannun tsoho Wad Rayyis, a nan kuma ya bar Maryam. Ban sami abin da zan ce mata ba. In ka lura da wannan zaren za ka ga littattafan ba rabe suke ba, labari ɗaya ne na ƙauye ɗaya, Mausim babi ne a tsakiyarsa.

Sauran maganar abokanka, ta hirar jarida, a nan sun fi kusa da gaskiya. An tattara rubuce-rubucensa na mujalla a jerin littattafai da aka kira Mukhtarat, suka fara fitowa a 2004. Akwai na tafiye-tafiye gabas da yamma, akwai na mutanen da ya sani, akwai wanda ya keɓe wa mawaƙi Mutanabbi, akwai na bukukuwan Janadiriyya ta Saudiyya da Asila ta Maroko, akwai na Sudan. Ba duka ne za su rayu ba. Wasu shafukan yabon abokai ne da masu masauki, irin wanda mutum mai kunya ke rubutawa bayan an karrama shi, kuma Ɗayyib mutum ne mai kunya ƙwarai. Masu cewa aikin ofis da yawon taro sun cinye marubucin suna da hujja a nan. Mu Hausawa ma mun san irin wannan: Abubakar Imam ya ba mu Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce a shekarun 1930, daga 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo da hidimar jama'a suka ɗauke shi, kuma ba wanda ya ce don haka ya daina zama Imam. Amma in Ɗayyib ya zauna a kan baitin Mutanabbi ko na Zur Rumma, ko ya kawo dobait, waƙar gargajiyar Sudan, ta mawaƙi Hardallo na yankin Buɗana ya jera shi da waƙar Jahiliyya, za ka ga malami ne na gaske, kuma Larabcinsa a nan ya fi na ko'ina sauƙi da daɗi. Ga mai koyon insha'i, waɗannan shafuka sun fi Mausim amfani.

Littafinsa Mansi kuwa daban yake, kada ka bari a haɗa maka shi da sauran. Labarin abokinsa ne na gaske, Bamisire Kibɗawi daga Mallawi, wanda ya zo Ingila ba shi da ko sisi, ya riƙa samun ƙananan ayyuka a wasannin BBC, ya kutsa kansa inda ba a gayyace shi ba har gaban manyan Ingila da marubuci Samuel Beckett, ya musulunta, ya mutu da gonaki da gidaje da motocin alfarma. Wasu sun ce wannan ba ƙagaggen labari ba ne, tarihin aboki ne kawai. Wasu sun ce shi ne littafinsa na ƙarshe, ya dai sa masa rigar gaskiya. Ina tare da na biyun. Mansi tamkar ɗan'uwan Zain na Ursuz Zain ne, mai wauta da albarka a tare, kuma kishiyar Musɗafa Sa'id ne: dukansu sun je Landan daga bakin Nilu, ɗaya ya shiga da wuƙa, ɗayan ya shiga da dariya da rashin ta-ido, kuma na biyun ne ya ci riba. Mutumin da ya rubuta wannan bai bushe ba. Ya daina fushi ne, masu karatu kuwa fushin suka saba saya a wurinsa. An fassara shi zuwa Turanci a 2020, aikin Adil Babikir.

Sau ɗaya fushin ya dawo a fili. A 1990, bayan juyin mulkin Umar al-Bashir, ya rubuta ɗan gajeren maƙalin nan da ke tambayar daga ina waɗannan mutane suka fito, yana mamakin ko ba uwaye da gwaggwanni ne suka shayar da su ba. Mutanen da ba su taɓa buɗe littafinsa ba sun haddace wannan tambaya, ta dawo bakin matasa a zanga-zangar 2019, ta sake dawowa da yaƙin nan. A shekarun 1990 hukuma ta sa wa Mausimul Hijra takunkumi a ƙasar marubucinsa. Shi ya sa da ya zo Khartum a 2005, shekarar da aka naɗa ta babban birnin al'adun Larabawa, wasu masoyansa suka ji kamar ya ba da su, wasu suka ce dattijo ne mai kewar gida, ba a hana mutum ganin kabarin iyayensa don gwamnati. Har yau ba a gama wannan gardama ba. Ni abin da ke damuna da maƙalin daban ne. Tambayar tana ɗauka cewa mugunta baƙuwa ce, daga wani wuri ta zo, ba 'yar gida ba ce. Mu da aka saba yi wa wannan tambaya a ofishin jinsiyya mun san kaifinta. Kuma Bandar Shah ya riga ya ba da amsar da ta fi ta maƙalin gaskiya: mai bulala da waɗanda ake bugu duk 'yan gida ɗaya ne.

Ta fuskar abin da ya bari, an kafa gasar adabi biyu da sunansa, ɗaya ta Cibiyar Abdulkarim Mirgani da ke Umdurman, wadda aka fara tun yana raye, ɗaya kuma ta ƙasa da ƙasa da kamfanin sadarwa na Zain ya ɗauki nauyi bayan rasuwarsa. Shi kansa ya karɓi kyautar Alƙahira ta ƙagaggen labarin Larabci a 2005. Marubutan da suka biyo baya, irin su Amir Tajus Sir da Abdul'aziz Baraka Sakin da Hammur Ziyada, sun sha fama da inuwarsa, don a waje da zarar an ce adabin Sudan sai a ce Ɗayyib Salih a rufe baki. Baraka Sakin, ɗan Kassala, ya kai labari wuraren da Ɗayyib bai taka ba, cikin leburorin riɗi na wannan yanki namu na gabas da kuma Darfur. In kana neman fuskokin da suka yi kama da na unguwarku, a can za ka fi samunsu. Wannan ba ragi ba ne ga Ɗayyib, shi ya nuna cewa ana iya sa ƙauyen Sudan da karin maganarsa a littafi duniya ta karanta, saura kowa ya kawo nasa ƙauyen. Namu har yanzu yana jiran mai rubuta shi, da Larabci ko da Hausa.

Ga shawarata in za ka koma. Kada ka fara da Dau'ul Bait kai tsaye. Karanta Daumat Wad Hamid da Ursuz Zain tukuna, gajeru ne, a na biyun za ka san Mahjub da Ɗahir da Sa'id da Abdulhafiz suna da ƙarfinsu, don tsufansu ya yi maka ciwo in ka same su a Bandar Shah. Nemi bugun da ya haɗa kashi biyun, ka karanta su a jere, shafukan farko masu hayaniya ka wuce su ko ba ka gane ba, za su warware daga baya. Hirar dattawan kuma da Larabcin gida aka rubuta ta, irin wanda kake ji a kasuwa, don haka ɗaga murya ka karanta, kada ka bi ta da ido kawai. Mansi ka bar shi ƙarshe. Ka gaida mutanen gida.